Talata: Gwaggo da lambar sojan Bama

An kawo wuta da sassafe har na goge kayan sati, Allah ya sa ɗorewa. Kasuwa ba wani labari, tumatir dai sai haƙuri.

Bayan la'asar Gwaggo ta aiko in zo. Ta ji an ce yanzu ana duba sunayen sojojin Yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu) a waya, to in nemo mata baffansu, wanda ya ajiye fartanya ya kai kansa Zariya ya shiga soja tun gemu bai tsiro masa ba. Ba dagaci ne ya ba da shi ba kamar yadda aka yi wa wasu, da ƙafarsa ya je. Takardar rasuwarsa kaɗai ta dawo gida, ita ma gara ta gama da ita tuntuni.

Na ce, "Gwaggo, kin riƙe lambarsa ta soja?" Ta ce, "Kai yaro, wace lamba? Ga sunansa ga na ubansa, me kuma ya rage?"

Da saura sosai. Rajistar tana hannun hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, ana bincika ta kyauta a intanet, amma sunan uba ba ya cika amfani a cikinta. Akawun bariki kan rubuta sunan mutum ne ya bi shi da na garinsu ko ƙabilarsa: Musa Kano, Garba Sokoto, Audu Fulani. Masu suna iri ɗaya ga su nan jere, rubutun ma kowane akawu da nasa, Mamman ya koma Momo ko Mama. Lamba ce ke raba gardama. Ta sojan Najeriya tana farawa da NA, ta wanda ya shiga daga Gwalkwas (Ghana ta yanzu), irin Hausawan zango, da GC. Ana samunta a littafin albashi ko wasiƙar da ya aiko. Kada a dogara da tauraron Bama, wato lambar yabon yaƙin da ke cikin akwatin tsofaffi, ba a zana suna a jikinsa.

In babu lamba sai a matse ta shekara da runduna. Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta sauka Indiya a 1943, ta kutsa kwarin Kaladan na ƙasar Bama a farkon 1944, abincinta da harsashinta daga jirgin sama ake jefo su. Ta 82 ta biyo baya ta yankin Arakan, da ita aka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya kuwa an haɗa su da wata runduna ta musamman, 'yan Chindit, sunan da barikin Zariya ke ɗauke da shi har yau. Inda mutane ke yin kuskure shi ne su tsaya kan bataliyoyin masu bindiga, alhali dubbai an ɗauke su ne 'yan dako, su ke ɗaukar kayan yaƙi a ka cikin kurmi, kuma rukuninsu daban. Da yawa ma ba harsashin Japan ya kashe su ba, zazzaɓin cizon sauro ne da atuni.

Duk wannan Gwaggo tana gyaɗa kai, har na zo inda ban so faɗa ba. Wanda ya cika a asibiti yana iya samun kabari a Chittagong ko Maynamati, ƙasar Bangladash ta yanzu. Wanda ya faɗi a daji, yawanci suna ne kawai a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon na ƙasar Bama, cikin kusan 27,000 da ba a san makwancinsu ba. Sau da yawa ko shekarun yaron ba a rubuta ba, balle sunan iyayensa. Na Bature kuwa sai ka ga har garinsu da sunan matarsa. Wannan abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Ta ce, "To, ko sunan ne a gani, a yi masa addu'a da shi." Sai ta tuna akwai akwatin ƙarfe na kakanmu a gidan Kawu, wanda ba a buɗe ba tun rabon gado. Juma'a bayan masallaci zan je, in Kawu ya yarda ya nemo makullin.