Tsofaffin fina-finan dodanni sun samu masu kula da su

Daren jiya wani abokina da ya dawo daga Ingila ya kira mu gidansa a Unguwar Rogo, ya saka mana faifan Purana Mandir, fim ɗin dodanni na 'yan gidan Ramsay da ya fito a Indiya a 1984. A kaset muka san shi muna yara, hoto duk yayyafi, sauti na shaƙewa. Jiya kuwa har kwalliyar fuskar dodon nan na gani tar, da jinin da ake zubawa ja jawur. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Kamfanin Mondo Macabro ne ya fitar da shi. Sana'arsu ke nan, bin fina-finan arha da aka raina na Indonesiya, Turkiyya, Pakistan da Indiya, su nemo mafi kyawun kwafin da ya rage, su gyara, su sa fassara da tarihin yadda aka yi su. Wasu cikinsu akwai batsa da zubar da jinin da ban yarda a kalla da iyali ba, wannan gaskiya ne. Amma kulawar ta burge ni.

Abin da ya hana ni barci shi ne namu. A nan Jos hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, ga ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa. To fina-finan Hausa na kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, ina ainihin kwafinsu? Zafi da danshi na cinye kaset a hankali.

Don Allah duk mai tsofaffin kaset a gida kada ya zubar, ya yi mini magana.