Yadda nake nema wa jakuna kuɗin magani da harawa

A bayan garinmu, a Jihar Jigawa, akwai wani fili da aka kewaye da ƙaya, inda wani likitan dabbobi mai ritaya yake karɓar jakunan da suka ji rauni, da waɗanda suka tsufa aka sake su suna gararamba a bola. Turaka ne kawai a wurin, da kwamin ruwa, da rumfar kara. Ni ban iya allura ba, ban iya gyaran kofato ba. Waya gare ni da hannun rubutu. Da Likita ya ce mini fanshonsa ya daina ɗaukar dusa da magani, sai na ce ya bar mini wannan gefen: in riƙa rubuta labarin dabbobin, ina neman taimakon jama'a, ba lada ba la'ada sai ta wurin Allah.

Tambayar da aka fi jefo mini ita ce, "Mutane na kwana da yunwa, ku kuna tara wa jaki kuɗi?" Ba na jin haushinta, don mai tambayar yana da gaskiyarsa. A filin na samo amsar. Yawancin jakunan da ake kawowa akwai gida guda a bayansu. Su ke ɗauko ruwa, su ke kai taki gona, su ke jigilar yashi da itace. Ranar da jaki ya kwanta, kayan nan kan mata da yara suke komawa.

Wani dattijo mai sayar da yashi ya taɓa kawo jakarsa. Da aka ɗage akumari, sai ga gyambo kamar tafin hannu a gadon bayanta, an shafe shi da baƙin mai da toka, ƙuda na ta bi. Likita ya tsuguna ya wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ya sa magani, ya yi mata allura, sannan ya ce, "Baba, sai ta huta. Kada mangala ta sake hawa bayanta sai fata ta rufe." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Likita, in ta huta, mu me za mu ci?" Likita ya kwance wani jakin da ya warke ya ba shi aro, ya kuma nuna masa yadda zai ƙara tsumma mai laushi a akumari, ya bar rami daidai ƙashin baya.

Na nemi izinin Baba na rubuta labarin, ban sa sunansa ba, ban nuna fuskarsa ba. Abin da ya shigo a kansa ya fi na duk wani hoton rauni da aka taɓa yaɗawa. Hoton gyambo tsirara zagi yake jawowa: mugu, azzalumi, mara imani. Mai jakin kuwa in ya ji ana zaginsa a waya, ba zai sake kawo dabbarsa ba, kuma zai hana maƙwabcinsa. A ganina duk mai rubutu don ceton dabba, in ya mayar da mai dabbar abokin gaba, dabbar ya cuta.

Rubutun ya koya mini abin da ban sani ba game da dabbar da na tashi ina gani kullum. Jaki yana ɓoye ciwo. Doki zai yi ta birgima in cikinsa ya murɗa, shi jaki sai dai ya sunkuyar da kai ya ƙi ci, kuma ƙin cin nan kaɗai ya isa a nemo likita a ranar. Ledar da suke ci a bola tana toshe musu hanji. Irin wannan bayani nake cusawa a tsakiyar labari, don wanda ba shi da abin bayarwa ma ya tashi da wani abu. Nakan kuma tuna wa mutane cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a kyautata wa duk mai rai, kuma ya la'anci wanda ya yi wa jaki lalas a fuska.

Batun kuɗi kuwa, tun farko na ƙi a turo ta asusuna. Asusu daban muka buɗe, sai mutum biyu sun sa hannu ake cirewa, kuma ƙarshen kowane wata ina fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita, har hoton rasit. Masu ɗari biyar da dubu ɗaya su suka riƙe filin, kuma su suka fi bin lissafin. Da azumi hannu ya fi sakuwa, amma nakan faɗa ƙarara cewa sadaka muke karɓa. Zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya lissafa, dabba ba ta ciki. Ba kuɗi kaɗai muke roƙo ba: da kaka manoma kan ba mu harawa, mai injin niƙa ya tara mana dusa. Harawar da ba a tanada da kaka ba, da bazara sai an ninka mata kuɗi.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne dillalan fata. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a yi wani maganin gargajiya, ejiao, kuma ƙungiyar The Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta cewa aƙalla jakuna miliyan 5.9 ake yankawa duk shekara saboda shi. Jaka kuwa sai ta yi kusan shekara da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta yanka su don fata a taronta na Addis Ababa a Fabrairun 2024, amma dillalai ba su daina zagayawa ba. Sun zo har filinmu suna taya tsofaffin jakunan, a watan da rumbunmu ya yi ƙasa. Likita ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, amana ce." Wasu masu taimako sun ba da shawarar mu tara kuɗi mu riƙa fanso jakuna daga hannun dillalai a kasuwar Maigatari. Mun ƙi, domin kuɗin da ka ba dillali yau, da shi zai sayo wasu gobe.

Ba duk wanda aka kawo ke tashi ba. Wanda ya mutu nakan rubuta cewa ya mutu, da abin da aka kashe a kansa, don wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya sani. Yanzu abin da ke gabanmu rumfar kwano ce kafin damina, saboda gashin jaki ba ya tare ruwa, kuma mai gyambo in ya kwana a jiƙe aiki baya yake komawa. An samu ginshiƙai da katako, saura kwano da ƙusa da ladan kafinta.