Ƙaron Kaka a ɗakin gwaji

A Mai Wurno ta ƙasar Sudan, kakana shi yake haɗa wa almajiransa tawada: baƙin tukunya, ruwa, sai ƙaro. In ba ƙaro, rubutu ba ya kama allo. Yau ga ni a wani ɗakin gwaji a Jidda, wata na bakwai ke nan ina dama ƙaron nan dai, wanda Larabawan Sudan ke kira hashab, mu kuma mu ce na dakwara.

Tawadar tawa ba ta rubutu ba ce. Injin ɗab'in 3D ake zuba wa ita, ya hasko ta da haske mai shuɗi-shuɗi. Inda hasken ya taɓa sai ya daskare kamar kwanannen kunu, inda bai taɓa ba ya zauna ruwa. Haka ake ɗora shimfiɗa kan shimfiɗa har siffa ta fito. Haidirojel ake ce wa abin, kuma galibinsa ruwa ne, shi ya sa ƙwayoyin halitta ke iya rayuwa a ciki.

Ƙaro zalla ba ya jin haske. Sai an liƙa masa sinadarin metakirilet, a ƙara wani mai suna LAP da ke tayar da daskarewar. Abin da ya sa na nace wa ƙaro shi ne ko ka zuba shi da yawa a ruwa ba ya yin kaurin da zai hana shi gudu, kuma irin wannan inji tsinkakkiyar tawada yake so. Akwai kuma dalilin da ban cika faɗa a taro ba: jelatin da aka saba wannan aikin da shi, sau da yawa daga fatar alade ake samo shi.

Makon jiya na buga wani ɗan raga mai ƙananan ramuka, ya fito dunƙule guda, ko rami ɗaya babu. Haske ne ya zarce ƙasa. Mantawa na yi ban sa tatrazin ba, rinin abincin nan mai ruwan ɗorawa da ke tare hasken. Kwana uku a banza!

Ƙaron ma yanzu sai da wahala. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, hanyar kasuwar ƙaro ta El Obeid ta rikice. Da na yi wa Inna ƙorafi a waya, cewa ta yi: "Kai da injinka! Akwai ragowar na Kakanka a gwangwani, in an sami mai zuwa Umara sai in ba shi."