Godiya bayan kare kundina a Ngaundere

Alhamdu lillahi. Ranar Asabar da ta wuce na kare kundin digirina na uku a Jami'ar Ngaundere, malamai kuma sun amince da aikin. Saƙonninku sun yi yawa har na kasa bin kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuto nan.

Inna ce farko. Shekara biyar tana tambayata, "Wai me kake nema cikin kwamfutar nan?" Wata rana na ce mata kowace na'ura a intanet tana da lambarta kamar lambar gida, sannan akwai waɗansu na'urori a mararraba, irin 'yan kamashon tashar Garwa, su ke cewa kayan nan ta can za su bi. Tun ranar, in ta idar da asuba addu'arta ɗaya ce: Allah ya buɗe maka hanya. Inna, Allah ya amsa.

Malamina da ya duba aikin, Allah ya saka da alheri. Shi ya zaunar da ni ya ce in bar bin batun Turawa, in dubi ƙofar gidanmu. Lambobin tsohon tsari, IPv4, ba su wuce biliyan 4.3 ba, rumbunsu na duniya ya ƙare a Fabrairun 2011, kuma kafin AFRINIC, hukumar da ke rabon lambobin a Afirka, ta fara raba mana namu a 2005 wasu sun riga sun kwashi kaso mai tsoka. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai: saƙo ya tashi daga nan zuwa Njamena, sai ya gangara teku, ya leƙa Faransa, sannan ya dawo, don kawai kamfanoni ba su haɗa hanyoyinsu a gida ba. Na sha bin sawunsa a allona da ƙarfe biyun dare. A kan haka, da batun komawa sabon tsarin lambobi, IPv6, na gina kundin.

Maƙwabcina tela, in an ɗauke wuta sai ya miƙo mini waya ta katanga daga janaretonsa, bai taɓa karɓar ko dala ba. Yaya ya biya kuɗin makaranta sau biyu bai gaya wa kowa ba. Yau na faɗa. Uwargida kuwa, haƙurinki ya fi ƙarfin rubutu.

Akwai walima Juma'a bayan la'asar a gidanmu na Garwa. Kowa ya zo.