Ruwan da aka kulle a hawa na huɗu

Garin Sumy yana arewa maso gabashin Yukren, kuma tsakaninsa da iyakar Rasha bai wuce kilomita 30 zuwa 40 ba. Shi ya sa da aka fara yaƙi ranar Alhamis 24 ga Fabrairu 2022, mu ba mu samu damar da ɗaliban Kyiv da Kharkiv suka samu ba, ta cusa kai cikin jirgin ƙasa a nufi yamma. Tun ranar farko tankokin Rasha suka shigo yankin, jirgin ƙasa ya daina zuwa, hanyoyin mota suka zama sai wanda ya gaji da ransa. Masu tasi da suka yarda su fita da mutum suna neman kuɗin da ko a mafarki ɗalibi ba shi da su. Muka koma ƙarƙashin ginin da muke kwana, mu 'yan Najeriya da 'yan Indiya da 'yan Gana da 'yan Tanzaniya da wasu Larabawa, yawancinmu ɗaliban likitanci.

Wurin tsohon gini ne na zamanin Tarayyar Sobiyet. Doguwar baranda ce ta siminti a ƙarƙashin ƙasa, da ƙananan ɗakuna hagu da dama, bututai sun bi ta saman kai, ƙwan lantarki can ɗaya nan ɗaya. Ƙura kuwa ba a magana. Muka sauko da katifu da barguna, maza ɓangare ɗaya mata ɓangare ɗaya, masu aure da yara suka ɗauki ɗakin da ya fi ɗumi. Ba wuni ake yi a ƙasa kullum ba. In jiniya ta yi shiru sai a hau sama a dafa abinci, a yi wanka, a duba waya. In ta tashi kowa ya sauko da gudu. Da dare akwai dokar hana fita, kuma ba a kunna fitila kusa da taga.

Kashegarin fara yaƙin muka yi taro mu 'yan Najeriya. Wanda ya jagoranci taron ɗan Arewa ne kamar ni, yana shekarar ƙarshe, mu duka Yaya muke ce masa. Shi ya karɓe ni lokacin da na fara zuwa, shi ya raka ni na sayi rigar sanyi ta farko. Shi ne kuma ya kawo shawarar a haɗa abinci wuri ɗaya, kowa ya sauko da abin da yake da shi, a rubuta, a riƙa dafawa tare. Shawara mai kyau. Shinkafa, taliya, garin kwaki, man girki, kifin gwangwani, har da yajin da iyaye suka ƙullo mana, duk aka tara a lungu ɗaya, aka ba wata 'yar Inugu littafi ta riƙe lissafi. Yaya ya sauko da rabin buhun shinkafa da jarkar ruwa biyu, irin mai lita 6 ɗin nan da ake sayarwa a kantuna. Muka yi ta sa masa albarka.

Babu wanda ya ce a rubuta ruwa a littafin, don famfo yana zuba. Sai ranar da za mu bar garin na san cewa a ɗakinsa da ke hawa na huɗu, ƙarƙashin gado da cikin kabad, jarkoki ne jere, ko murfinsu ba a taɓa ba. Tun safiyar da aka fara yaƙi ya je ya yi ta jido su. Wato lokacin da yake tsaye yana yi mana wa'azin haɗin kai, makullin ɗakin yana aljihunsa.

Makon farko abin ya zo da sauƙi, in dai za a kira shi sauƙi. Faɗan da ake yi bai wuce na soket ba, saboda guda uku ne kacal a ƙasa kuma kowa yana so ya ci gaba da magana da gida. Wani ɗan Indiya ya warware shi da takarda da biro: kowace waya minti 30, in ta kai rabi a cire. Sai jita-jita. Kowa yana cikin zauren Telegram biyar ko shida, wannan ya ce an kama garin, wancan ya ce motoci na zuwa gobe, kuma da mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi sai ka ga mutum talatin sun fara haɗa kaya. Daga baya muka ce mutum biyu kawai za su riƙa ba da labari, safe da yamma, kuma sai abin da gwamnan yankin na lokacin, Dmytro Zhyvytskyi, ya sanar ko abin da ofishin jakadanci ya turo. Hakan ya rage koke-koke sosai. Iyaye ne ba su da magani. Umma takan kira ni cikin dare ta ce ta ji a rediyo an jefa bam a Yukren, sai in yi ta yi mata bayani cewa ƙasar babba ce, alhali ina jin ƙasa na girgiza a ƙarƙashin katifata.

Da yammacin 3 ga Maris aka kai hari kan tashar wutar garin. Ƙarar ta sa ƙura ta zubo mana daga rufi, fitilu suka mutu, kuma da safe aka buɗe famfo ya yi tari ya yi shiru. Injinan da ke tura ruwa da lantarki suke aiki, haka ma na'urar ɗumama gini, haka ma murhunan da muke girki da su. Abu ɗaya aka buga, huɗu suka tafi. Daga nan wuta takan zo ta ɗauke, ruwa kuma in ya zo siriri ne, ba ya hawa sama, kafin ka kai layi ya tsaya.

Hotunan ɗalibai suna kwasar dusar ƙanƙara a bokiti sun zagaya duniya, kuma gaskiya ne, mun yi. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda aikin yake ba riba. Sabuwar dusa kusan duk iska ce, ka cika bokiti goma kafin ka samu ɗaya na ruwa. Ta gefen hanya baƙa ce, ta tsakar gida an tattake ta, sai ka je bayan gini inda ba a son kowa ya tsaya. In ka kawo ta kuma sai ta narke, a wurin da kai kanka kake rawar ɗari, sannan a tace da ƙyalle, sannan a jira wuta a tafasa. Hannuna sun tsage har suna jini. Yaya ma ya fita kwasar dusa tare da mu, na rantse. Yana riƙe da bokiti yana cewa, "Ku yi haƙuri ƙannena, jarrabawa ce." Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin wuyana yana zafi.

Wadda ta cece mu tsohuwar da ke kula da ginin ce, 'yar Yukren, mai faɗa, wadda a da muke ɓuya in mun hango ta saboda ƙorafin hayaniya. Ita ta ja mu zuwa ɗakunan wanka ta nuna mana tankunan ruwan zafi da ke manne a bango. Kowanne yana riƙe da lita 50 zuwa 80, kuma ko famfo ya ƙafe ruwan yana nan ciki, sai dai ka san inda za ka kwance a ƙasa ka kuma buɗe famfon zafi iska ta shiga. Ta ce wannan na sha ne bayan an tafasa. Ruwan bututun ɗumama ɗaki kuwa, mai tsatsa da wari, ta ce kada wanda ya kai shi baki, na kora bayan gida ne. Mu da muke karanta ƙwayoyin cuta a aji babu wanda ya yi wannan tunanin.

Bayan gida shi ne babbar masifa, kuma shi ne abin da ba a faɗa wa 'yan jarida. Mutum yana iya rayuwa da lita biyu zuwa uku na sha a rana, amma kora masai sau ɗaya yana cin lita 6 ko fiye. Ka lissafa da mutanen da suka cika baranda. Cikin yini ɗaya wurin ya zama ba ya shiguwa, wasu suka daina cin abinci don kada su buƙaci zuwa, mata suka daina shan ruwa, abin da ya jawo wa wasu ciwon mara. Sai da muka ware banɗaki biyu kawai, aka kulle sauran, aka sa doka cewa ruwan wanke shinkafa da na wanke kwano da na wanke hannu duk a bokiti ɗaya za a tara, shi za a kora da shi, kuma ba bayan kowane mutum ba. An yi aikin wanki bi da bi, har da 'ya'yan masu kuɗin da a gida ba su taɓa riƙe tsintsiya ba.

Mu Musulmi muka koma taimama. Bango duk ƙura ne, ba a rasa wurin bugawa ba. Tsarki kuma da takarda, wanda shari'a ta yarda da shi ko da da yawanmu ba mu saba ba. Wani yaro ɗan Sakkwato ya ƙi, ya ce shi zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya riƙa ɗibar ruwa a buta yana alwala sau biyar. Aka kusa dambe. Wa ya raba? Yaya. Ya zaunar da yaron ya karanto masa ayar taimama a cikin Suratul Ma'ida, ya ce masa, "Ɗan'uwa, wanda bai samu ruwa ba Allah ya yi masa rangwame." Wanda bai samu ruwa ba. Ni na ji da kunnena.

A daren da ya fi tsaya mini a rai, wata 'yar Tanzaniya ta kamu da gudawa da amai, wataƙila daga dusar da ba ta tafasa sosai ba. Idanunta suka faɗa, fatarta in ka ja ba ta komawa. Mun san abin yi, ba sai an kira kowa ba: lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba ta kaɗan-kaɗan. Sukari akwai, gishiri akwai. Ruwa mai tsafta ne babu, kuma ba wuta. Na bi katifa-katifa da fitilar waya ina roƙo, wannan ya tsiyaya mini rabin kofi, wancan ya ba ni ragowar gorarsa. Wata 'yar Indiya ta ba da ruwan da ta ajiye don shan maganinta. Na tsaya a kan Yaya na ce, "Yaya, ko akwai ɗan ruwa a wurinka?" Ya girgiza gorar da ke gefensa ya ce, "Ka ga duk abin da ya rage." Ya zuba mini kusan rabi. Na yi masa godiya har da rusunawa. Yarinyar ta warware, alhamdulillahi, bayan kwana biyu tana zaune tana shan shayi.

Duk wanda ƙaddara ta kai shi irin wannan zama, ya sa ruwa a layin farko na littafin tun famfo yana zuba. A cika baho, a cika tukwane, a cika har jakar leda, kuma a raba na sha da na ƙazanta tun ranar farko. Sannan kada a tsaya a kan "kowa ya kawo abin da yake da shi." A zaɓi mutum uku waɗanda ba abokan juna ba, su bi ɗaki-ɗaki, a buɗe kabad a gaban mai ɗaki, kuma a fara da ɗakin shugaba. Na san yadda hakan yake da nauyi a wurinmu, ka ce wa babba ya buɗe maka ƙarƙashin gadonsa. Kunya ce ta hana mu, ita ce kuma ya dogara da ita. Mai gaskiya ba abin da zai rasa in an duba, kuma da an yi tun ranar taro, da babu wanda zai ji an zarge shi.

Daren 7 ga Maris jirage suka jefa bama-bamai a wata unguwar zama, mutane fiye da 20 suka mutu, har da yara. Da safe, Talata 8 ga wata, aka buɗe hanyar ficewa zuwa garin Poltava, aka ce ɗaliban ƙasashen waje ne a sahun farko, kowa jaka ɗaya. Na hau sama in taya Yaya sauko da akwatinsa kamar yadda ƙane yake yi. Ƙofar a buɗe take, ya janye gado yana neman fasfo. Na tsaya ina kallon jarkokin, shi kuma yana kallona. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba mu san tsawon lokacin da za mu yi ba." Ya ɗauki jarka ɗaya, ya miƙo mini ɗaya, sauran muka bar su a nan. Da na sauka na gaya wa tsohuwar ta aika a kwaso, don ita da maƙwabtanta ba inda za su.

Tafiyar da a da ake yi cikin awa uku ta cinye mana yini guda, ana bi ta ƙauyuka da shingayen sojoji. Daga Poltava jirgin ƙasa zuwa yamma, daga nan muka tsallaka Hungary, sannan jirgin da gwamnatin Najeriya ta turo ya sauke mu a Abuja. A motar da ta kai mu Poltava jarkar da ya ba ni ta zagaya kujeru, kowa yana cewa Allah ya saka wa Yaya, ban ce uffan ba.

Na ji masu kare shi daga baya, cikin 'yan kaɗan da na gaya wa. Sun ce tsoro ne, sun ce da an kai wata guda a ƙasa wataƙila da ya fito da su. Wataƙila. Amma ni na ga idon yarinyar nan a hasken waya, kuma tsakaninta da ruwan hawa huɗu ne kawai. Ya turo mini saƙon barka da Sallah a shekarar, na amsa da "Amin, mun gode." Umma ta ce in yafe masa tunda Allah ya fitar da mu duka lafiya, na ce mata na ji. Ya sake turo katin ɗaurin aurensa, ban je ba.