Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hartush ɗin Baba

Makon jiya na tsaya a inda ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, ya miƙa mini bindigarsa. Hartush ce, wato bindiga mai watsa ƙananan tsaba, mai baki biyu, ƙirar Ingila, ta girme ni nesa ba kusa ba. A Maiurno ta ƙasar Sudan idan hunturu ya kama, agwagin ruwa kan cika bakin Nilu ta saman madatsar Sinnar, kuma da wannan bindiga ya riƙa kawo mana na miya tun muna yara.

Harsashinsa ya ƙare a hannuna. Na sayo kwali ɗaya wajen wani mai kayan farauta, ban ko tsaya duba rubutun jikinsa ba. Ni a lokacin harsashi harsashi ne.

Da asuba na harbi garke yana zaune bisa ruwa, abin da Baba ya sha hana ni. Tsabar ta yi tsalle ta ƙetare, na ji ta tas-tas a jikin kwalekwalen wani masunci. Allah ya tsare, zagi kawai na sha. Duk da haka ban daddara ba, sai da na kusa cinye rabin kwalin.

Asirin ya tonu da dare, muna cin asida. Inna ta tauna nama, ta dafe kunci, ta tofar da ƙwaya ɗaya tare da ɓallin haƙori. Baba ya sa an ɗauko filaya ya matsa ƙwayar, ko gezau. Dalma ce da tuni ta baje.

"Kawo mini bindigar."

Ya shafa bututun hagu a hankali da babban yatsa, ya tsaya dab da baki. Ni ma na taɓa. Wani kumburi ne ya zagaye wurin kamar zobe, ido ba ya gani sai hannu.

Washegari na kai ta wajen wani usta, wato gwanin gyara, a Sinnar. Ya farke harsashi ɗaya, ya kara maganaɗisu, tsabar ta manne cur. "Ƙarfe ne, yaro," in ji shi. Wai bakin bindiga a tsuke ake ƙera shi don tsaba ta fita a dunƙule, kuma na hagun tamu ya fi na dama tsukewa. Dalma tana da laushi, takan matsu ta wuce. Ƙarfe ba ya matsuwa, sai dai bututu ya ba shi hanya. Ya ce ko bindigar zamani ba a zuba mata ƙarfe a baki mai cikakken matsi, rabin matsi ne iyaka, kuma harsashin ƙarfe mai ƙarfin bugu sai bindigar da aka buga wa tambarin fure a gindin bututu. Ya juya tamu, babu.

Sai daga baya na san dalilin yin irinsa. Agwagi na haɗiyar tsabar dalma a tabo, gubarta ta kashe su, shi ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita a 1991, Denmark kuwa ta hana ta gaba ɗaya a 1996. Hujjarsu mai kyau ce, amma bindigar Baba ba a yi ta don wannan zamanin ba.

Na dawo da ita a naɗe cikin buhu. Baba yana shan jabana, wato gahawa, a ƙofar gida, bai tambaye ni abin da usta ya ce ba. Ya ce in rataye ta inda na ɗauko, sannan in shirya raka Inna wajen likitan haƙori.