Yadda kotu ta bani riƙon 'ya'yan yayata

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar uwa ta rasu ko an saketa to shikenan yara na uba ne da danginsa, ba wanda ya isa ya ce tak. A kotun shari'a ba haka abin yake ba, na gani da idona.

Yayata ta rasu wajen haihuwa ta bar yara biyu, mace da namiji, uban kuma Allah ya jarrabeshi da shaye-shaye, sai ya kwana ya wuni bai leƙo gida ba. Yarinyar aka ɗora mata tallan awara har bayan isha'i, an cireta daga makaranta, shi kuma ƙaramin ranar da na ɗaga rigarsa wallahi sai da na zauna a ƙasa, duk bayansa shatin wayar caja ne, wani ya warke wani ɗanye. Na kwasosu muka wuce asibiti daga nan gidanmu. Nan fa rigima ta tashi, baffanninsu sukace na sace musu yara, mai unguwa yayi iya yinsa, an zauna sulhu a Hisbah ba'a daidaita ba, sai na shigar da ƙara aka kai musu sammaci.

Abinda alƙali ya fara yi shine raba abu biyu da mu muke haɗawa. Uba shine waliyyi, shi zai ciyar ya tufatar ya aurar, wannan ba mai ƙwace masa. Amma riƙo, wato hadana, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi yana farawa ne daga uwa, in ta rasu ko tayi aure ya koma wajen kaka ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin ma a zo kan dangin uba. Namiji har ya balaga, mace har tayi aure ta tare. Akwai ma hadisin 'yar Sayyadina Hamza, da Annabi (SAW) ya bayar da ita ga gidan Ja'afar saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyarta ce, yace tana matsayin uwa. Hajiyarmu ce a gabana a layi amma tana fama da shanyewar ɓarin jiki, shi yasa abin ya gangaro kaina.

Sai dai kar wata ta ɗauka layin kawai ake bi. An titsiyeni da tambayoyi sosai, ina nake kwana, ɗaki nawa ne, su wa ke shigowa gidan, me nake sana'a, lafiyata ƙalau, ina da miji ko babu. Wannan ta ƙarshen tana da nauyi don in mai riƙo ta auri wanda ba muharramin yaran bane haƙƙinta zai iya faɗuwa, ni a lokacin mijina ya rasu, kuma an gaya min ƙarara in nayi aure suna da damar dawowa kotu.

Kuka baya zama hujja, duk da nasha shi. Katin asibitin nan da likita ya rubuta abinda ya gani, da shaidar maƙwabtansu maza biyu da suka yarda suka zo, Allah ya saka musu da alheri don ba kowa ke yarda ya tsaya gaban alƙali akan maƙwabcinsa ba, da rajistar makaranta data nuna yaushe yarinyar ta daina zuwa, su suka tsaya min. Ga kuma dokar kare yara, ta tarayya tun 2003 take, mu a Kano sai 2023 aka sa hannu a tamu.

Alƙali ya bani riƙo, ya yankawa uban kuɗin ciyarwa duk wata, yace kuma kar na kuskura na hanashi ganinsu ko na hanasu zumunci da danginsa. Wannan yayi min nauyi a zuciya gaskiya amma ina bi, goggonsu na zuwa ta ɗaukesu ranar Juma'a ta dawo dasu kafin magariba. Kuɗin wani watan yazo wani watan shiru. Takardar hukuncin kuwa sai da na tsaya wajen rajista na karɓi kwafi mai hatimi, da ita na maida yarinyar makaranta don shugabar sai da ta nemi ganin shaidar cewa ni ke riƙonta.